WAƊANDA BA SU YANKI TIKITI BA: Jirgin Sama da Rufin Gidajenmu, daga Cadjèhoun zuwa Gwammaja



Akwai wata ɗabi'a da zaman garin nan ya koya mana ba tare da mun ankara ba. Mutum yana tsakiyar magana a ƙofar gida, sai ƙugin jirgi ya taso, ya yi shiru har ƙarar ta wuce, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. Malamin makarantar allo a Cadjèhoun yana yin haka, mai tsire yana yi, mata a tsakar gida suna yi. Baƙon da ya sauko jiya daga Gaya ko Maradi shi ne za ka ga ya ɗaga kai sama. Mu kuwa sabo ya riga ya hana mu.

Ranar Lahadi 7 ga Disamba 2025 muka sake ɗaga kai. A ranar ce wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da gwamnatin Shugaba Patrice Talon, kuma kafin rana ta faɗi jiragen yaƙin Najeriya suka shigo sararin Kwatano bisa roƙon gwamnatin Benin, suka kai hari barikin Togbin da ke yammacin gari. Wanda ya ji ƙarar jirgin yaƙi a saman rufin ɗakinsa, tambaya ɗaya ce ke zuwa masa: idan wannan abu ya faɗo, a kan wa zai faɗo? Tarihi ya amsa wannan tambaya sau da dama, a nan garin da kuma a ƙasar kakanninmu. Abin da amsoshin suke nunawa shi ne, duk faɗuwar jirgi a cikin gari tana barin jerin mamata iri biyu. Akwai waɗanda suka yanki tikiti, sunayensu na kan takarda. Akwai kuma waɗanda mutuwa ta tarar a ɗaki ko a aji ko a kasuwa, waɗanda ko yawansu da wuya a daidaita a kai. Mu, mazauna unguwannin da ke zagaye da filin jirgi, a jeri na biyu muke.

WA YA TARAR DA WANI?

Kakanninmu sun san ƙasar nan tun kafin a ƙera jirgin sama. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja neman goro ta Borgu suke ratsawa, su yada zango a Nikki da Parakou da Djougou. Da Faransawa suka kafa mulki, suka gina gadar sauke kaya a bakin teku, suka shimfiɗa layin dogo da ya kai Parakou a shekarun 1930, sai ciniki ya juya fuska zuwa kudu, Hausawa suka bi shi. Da aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 1965, Kwatano ta zama ƙofar kayan Nijar, Zango kuma ya zama masaukin 'yan kasuwa da direbobi da mahauta da malamai.

Filin jirgin Cadjèhoun shi ma tun zamanin Faransawa yake, kuma a bayan gari aka shata shi, can yamma da inda jama'a suke. Sai dai Kwatano gari ne da aka matse tsakanin ruwa biyu, teku a kudu, tafkin Nokoué a arewa. Gari irin wannan ba shi da inda zai miƙe sai gabas da yamma. Haka gidaje suka yi ta matsowa, Cadjèhoun da Haie Vive da Houéyiho da Fidjrossè da Agla, har suka yi wa filin ƙawanya. Ƙidayar 2013 ta ba Kwatano mutum 679,012, ban da dubban da ke kwana a Godomey da Calavi su shigo da safe. Filin da aka sa wa sunan Kadinal Bernardin Gantin bayan rasuwarsa a 2008 titin jirgi ɗaya gare shi, mai tsawon mita 2,400. Baki ɗaya na kallon teku, ɗaya bakin na kallon gidaje. Da yake iska ta fi busowa daga teku, jirage sukan tashi su nufi ruwa, masu sauka kuma su biyo ta kan rufin jama'a.

Kano ma haka labarinta yake. Jiragen farko da suka sauka can a watan Nuwamba 1925 na soja ne, guda uku na rundunar saman Ingila da suka taso daga Masar. An kafa filin jirgi a wajen ganuwa, birni ya bi shi ya cim masa. Talaka ba ya zaɓen maƙwabtaka da titin jirgi don sha'awa; inda fili ya yi araha kuma ya kusa da wurin neman abinci, nan yake kafa bukka.

LAHADIN SOJOJIN HAYA

Dattawanmu sun ga ranar da yaƙi ya sauko daga sama a wannan fili. A lokacin yaƙin basasar Najeriya, a 1969, daga nan jiragen agaji na Red Cross suke tashi da dare zuwa yankin Biyafara. Amma ranar da ba a mantawa ita ce Lahadi 16 ga Janairu 1977. Da sassafe wani jirgi ƙirar DC-7 ya sauka Cadjèhoun ba tare da izini ba, ɗauke da sojojin haya kusan casa'in ƙarƙashin Bafaranshen nan Bob Denard. An horar da su a Maroko, suka taso daga Franceville ta ƙasar Gabon, da nufin kifar da gwamnatin Mathieu Kérékou. Suka kama filin jirgi, suka nufi fadar shugaban ƙasa suna harbi, suka tarar da turjiyar da ba su zata ba. Bayan kamar sa'o'i uku suka koma jirginsu suka gudu, suka bar akwatin takardu da ya tona asirinsu, suka kuma bar ɗaya daga cikinsu, ɗan ƙasar Gini, a hannun hukuma.

Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya aiko da tawagar bincike, ya kuma yi tir da harin. Gwamnati ta gina wa waɗanda suka rasu dandalin tunawa a nan Cadjèhoun, wanda aka daɗe ana kira Place des Martyrs, yanzu Place du Souvenir. Duk wanda ya hau zemijan zuwa filin jirgi ya san wurin. Darasin wannan rana ga mazaunin unguwa a fili yake: hanyar da ta taso daga filin jirgi zuwa fada ta gefen gidajen mutane ta bi, kuma harsashi ba ya tambayar wa ke da hannu a siyasa.

RANAR KIRSIMETI TA 2003

Hatsarin da ya fi kowane girgiza garin nan ya faru ranar Alhamis 25 ga Disamba 2003, wata guda bayan Ƙaramar Salla. Jirgin ƙirar Boeing 727 ne na wani kamfanin ƙasar Gini mai suna Union des Transports Africains, ya taso daga Konakiri, ya tsaya Kwatano a kan hanyarsa ta zuwa Beirut. An ƙera shi a 1977, ya yi shekaru yana aiki a Amurka, sannan a cikin shekarar 2003 kaɗai ya ɗauki rajistar ƙasashe uku, Afganistan da Swaziland da Gini. Mafi yawan fasinjojin Labanawa ne 'yan kasuwar Afirka ta Yamma masu komawa gida hutu, mutanen da da yawanmu mun yi ciniki da irinsu a Ganhi da Missèbo. Akwai kuma sojojin Bangaladash goma sha biyar da ke dawowa daga aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Saliyo da Laberiya.

Gwamnatin Benin ta damƙa binciken ga hukumar binciken haɗurran jirage ta Faransa, BEA, kuma rahotonta ya fayyace yadda abin ya auku. An yi lodin kaya ba tare da awo na gaskiya ba, aka cika rumbun gaba maƙil, fasinjoji suka hau da manyan jakunkuna a hannu. Matuƙan sun yi lissafinsu a kan nauyin tan 78, alhali ainihin nauyin ya kai kimanin tan 85 da rabi. Yawan nauyin kaɗai bai kai matsalar inda aka jibge shi ba. Jirgi kamar sikeli yake: idan kaya suka rinjayi gaba, hancinsa ba ya ɗagawa da wuri, sai an daidaita fiffiken wutsiya gwargwadon rinjayen. Matuƙan sun daidaita shi bisa lissafin da ba daidai ba. Na'urar naɗar murya ta nuna sun yi maganar yawan kayan kafin su tashi, amma suka tashi.

Gab da ƙarfe uku na rana jirgin ya shiga titi ya nufi teku. Da matuƙi ya ja, hanci ya ƙi tashi a kan lokaci. Da kyar ya rabu da ƙasa a ƙarshen titi, ya bugi ɗakin na'urar da ke nuna wa jirage hanyar sauka, wanda ke mita 118 gaba da ƙarshen titin, ya jikkata ma'aikacin da ke ciki, ya ragargaje a bakin teku ta wajen Fidjrossè. Wani ɓangare ya tsaya a kan rairayi, wani ya shiga ruwa. Masunta da mutanen da ke kusa su ne suka fara shiga igiyar ruwa suna jawo masu sauran numfashi. Daga baya dubban 'yan kallo suka cika wurin har suka tare wa motocin agaji hanya. Aka kwashi waɗanda suka jikkata zuwa babban asibitin CNHU. Mutum 141 suka rasu, 22 suka tsira.

Abu biyu ya kamata mu riƙe daga wannan rana. Na farko, masu bincike ba su iya tabbatar da ainihin yawan mutanen da ke cikin jirgin ba, domin takardar sunayen fasinjoji ba ta yi daidai da abin da aka tarar ba. Idan masu tikiti ma lissafinsu ya rikice, ina ga wanda yake kwance a ɗakinsa? Na biyu, alƙiblar tashi ce ta raba mu da wannan wuta. Da ta ɗaya bakin titin jirgin ya tashi, abin da ke gabansa gidaje ne da makarantu da masallatai da coci-coci, a ranar hutu da kowa ke gida. Wanda yake son ya san yadda hakan take kasancewa, sai ya dubi abin da ya sami Kano wata goma sha tara kafin nan.

GWAMMAJA

Ranar Asabar 4 ga Mayu 2002, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, jirgin kamfanin EAS ƙirar BAC 1-11 ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Legas, bayan ya iso daga Jos. Babban titin filin yana rufe ana gyara, don haka a kan gajeren titi ya tashi, cikin zafin bazara. Iska mai zafi ba ta da kauri, ba ta ɗaukar fiffike kamar mai sanyi, inji ma ƙarfinsa yana raguwa a cikinta. Jirgin ya cinye titin bai tashi ba, ya shiga ƙasa ya tayar da ƙura, injinan suka shaƙe ta. Ya ɗan ɗaga sama ba ƙarfi, ya tsallake 'yan kilomitoci, ya rufto a kan Gwammaja ɗauke da man tafiyar Legas. Gwammaja ita ce unguwar da gidan Mambayya yake, gidan Malam Aminu Kano. Daga filin da ke ɗauke da sunan jagoran talakawa jirgin ya taso, a unguwarsa ya faɗi a kan talakawan.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wa ke gida da tsakar rana. Maigida yana kasuwa. Mata ne a ciki, da tsofaffi, da jarirai, da yaran da ke shirin makarantar Islamiyya. Jirgin ya rushe gidaje fiye da ashirin, ya taɓa makaranta da masallaci, wuta ta kama. Lungunan unguwa sun yi wa motocin kashe gobara ƙunci, samari suka shiga tonon ƙasa da hannu da shebur. Ɗakin ajiye gawa na asibitin Murtala ya cika. Gawawwakin da wuta ta ɓata har ba a iya gane su ba, aka yi musu salla tare, aka binne su tare. Shugaba Olusegun Obasanjo ya katse tafiyar da yake yi a kudancin Afirka ya dawo, aka ayyana zaman makoki, gwamnati ta dakatar da jirage ƙirar BAC 1-11, ta kuma sa iyaka ga shekarun jiragen da za a riƙa shigowa da su.

Sai mu dubi lissafi. Mutum 77 ne a cikin jirgin, huɗu suka tsira, 73 suka rasu, cikinsu har da ministan wasanni na Najeriya, Ishaya Mark Aku. Wannan adadi a tsaye yake. Na ƙasa kuwa, a kwanakin farko ma'aikatan agaji sun ba da jimillar mamata kusan 150, ma'ana fiye da saba'in a cikin unguwa. Rahoton binciken hukuma ya ce talatin. Tsakanin talatin da saba'in akwai rayuka arba'in da ko dai an ƙirga su ba su mutu ba, ko sun mutu ba a ƙirga su ba. Irin wannan giɓi yana samuwa ne a inda jariri ba shi da takardar haihuwa, almajiri ba shi da rajista, baƙon da ya zo cin rani kuma maigidansa kaɗai ya san da shi. Tambayi mai bin labarai a yau wa ya rasu a hatsarin Gwammaja, zai ce maka minista. Sunayen matan da ke tsakar gida suna bakin 'ya'yansu da maƙwabtansu.

Kinshasa ta ga wanda ya fi wannan muni. Ranar 8 ga Janairu 1996 wani jirgin kaya ƙirar Antonov da aka yi wa lodi fiye da kima ya kasa tashi daga filin N'Dolo, ya kutsa cikin kasuwar da ke ƙarshen titi, ya kashe mutum fiye da ɗari biyu, galibi mata masu kasa kaya da masu cefane. Can ma adadin da ake bayarwa ya sha bamban daga baki zuwa baki. Wanda ya san cunkoson Dantokpa ba ya bukatar a kwatanta masa.

IDAN JIRGIN NA SOJA NE

Jirgin soja yana da nasa hali. Barikin sojan sama sau da yawa yana raba fili ɗaya da jiragen fasinja, kamar yadda yake a Kwatano da Kano da Yamai da Legas, don haka a kan rufi ɗaya suke wucewa. Ranar 26 ga Satumba 1992 jirgin sojan saman Najeriya ƙirar C-130 ya faɗi a fadamar Ejigbo 'yan mintoci bayan tashinsa daga Legas, ya hallaka mutum fiye da 150, mafi yawansu hafsoshi ɗaliban kwalejin Jaji. Fadama ce ta karɓe shi, gidajen Ejigbo na gefe. Ranar 29 ga Agusta 2015 wani ƙaramin jirgin soja ƙirar Dornier ya tashi daga Kaduna zuwa Abuja ya faɗa kan wani gida a barikin Ribadu, mutum bakwai da ke cikinsa suka rasu. Ranar 21 ga Yuli 2025 kuma, a Dhaka, babban birnin ƙasar su sojojin nan goma sha biyar da suka rasu a bakin tekunmu, jirgin yaƙi ƙirar F-7 da ke atisaye ya samu matsala jim kaɗan bayan tashi, ya faɗa kan makarantar Milestone da ke unguwar Uttara daidai lokacin tashi daga aji. Fiye da mutum talatin suka rasu, mafi yawansu yara, tare da matuƙin. Irin wannan jirgi, ƙirar ƙasar Sin, rundunar saman Najeriya ma tana da shi.

Dokar duniya ma ta bambanta jerin nan biyu. Fasinja yana da yarjejeniyar Warsaw ta 1929 da ta Montreal ta 1999, waɗanda suka ɗora wa kamfani nauyin biyan diyya idan ya mutu ko ya jikkata a tafiya tsakanin ƙasashe. Mutumin ƙasa kuwa yarjejeniyar Rum ta 1952 gare shi, wadda ƙasashe kaɗan suka amince da ita, wadda kuma ta shafi jirgin wata ƙasa ne kawai idan ya yi ɓarna a ƙasar da ba tasa ba. Jirgin cikin gida irin na Gwammaja ba ya cikinta. Jiragen soja da na 'yan sanda da na kwastan ta fitar da su ƙarara, kamar yadda yarjejeniyar Chicago ta 1944, uwar dokokin sufurin sama, ta ware jiragen gwamnati daga hukuncinta. Ma'anar wannan ita ce, idan jirgin farar hula ya faɗi, akwai ƙa'idar bincike da fitar da rahoto ga jama'a, irin wanda ya sa muka san labarin tan bakwai na 2003. Idan na soja ne, rundunar ce ke binciken kanta, abin da za a ba wanda gidansa ya rushe kuma ya rataya ga dokar ƙasa da tausayin hukuma. A gaban hukuma kuwa, takarda ake tambaya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda gini ya faɗa wa, da wanda wuta ta ci, da wanda ya nutse a ruwa, ana yi musu fatan darajar shahada. Gwammaja da Fidjrossè sun haɗa dukkan ukun. Mun yarda ajali ba ya jinkiri, Bahaushe ma ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma tan bakwai da suka hana jirgin nan tashi hannuwan mutane ne suka loda su, wani ya karɓi kuɗi, wani ya kau da kai. Wannan hali ba baƙo ba ne gare mu. Mun san yadda ake ɗora wa babbar mota kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Malanville har ta karkace. Mun san yadda muke roƙon mai awo a filin jirgi ya yi mana alfarmar kilo goma idan za mu dawo daga Makka. Wanda ya roƙi wannan alfarma ya sani cewa bayansa akwai mutum ɗari masu roƙon irinta.

Matsar da filin jirgi aikin gwamnati ne. An daɗe ana maganar sabon fili a Glo-Djigbé, kimanin kilomita 40 arewa da gari, har ya shiga tsarin ayyukan gwamnati na 2016. Yankin masana'antu ya tashi a can, jirage kuwa har yau a Cadjèhoun suke sauka. Muna da haƙƙin tambayar wakilanmu inda maganar ta kwana, kamar kowane ɗan ƙasa da kowane mazauni.

Akwai kuma abin da ba sai mun jira kowa ba. Mu ne al'ummar da ta fi kowa yawan mutanen da ba a rubuce suke ba: almajiran da aka kawo daga arewa, direbobi da yaran mota da ke kwana a Zango suna jiran lodi, 'yan cin rani, matan da aka auro daga Nijar da Najeriya, tsofaffin da aka haifa a nan ba a taɓa yi musu takarda ba. Hukumar ANIP tana ba da lambar shaida da takardar haihuwa. Kowane maigida ya ga cewa iyalinsa sun samu. Kowane malami ya riƙe littafi mai sunan ɗalibinsa da sunan mahaifinsa da garinsu da lambar wayar wani nasa, ya ajiye kwafi a wani gida dabam. Sarkin Zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin direbobi za su iya buɗe rajistar masauki, yadda fatoman da yake sanin kowane baƙo da ya sauka hannunsa da yawan jakunansa. Takardun gida da na haya a ɗauki hotonsu a waya a tura wa ɗan'uwa a wani gari. Lungun da muka toshe da rumfa da tebur, mu tuna motar kashe gobara ta nan za ta bi. Idan kuma wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, mai iya taimako ya taimaka, wanda kallo ya kawo shi ya ba da hanya. Wannan shiri zai yi mana amfani ko jirgi bai taɓa faɗowa ba, domin gobarar kasuwa da ambaliya da rushewar gini duk tambaya ɗaya suke bari: su wa ke ciki?

Gemun 'yan'uwanmu na Gwammaja ya riga ya kama wuta, namu kuma ga ruwa a kusa. Muna roƙon dattawan da suka ga Lahadin 1977, da waɗanda suka je bakin teku a 2003, da duk wanda ya rasa wani a Gwammaja, su ba 'ya'yansu labarin, a rubuta, a ajiye tare da sunaye.

Allah ya jiƙan Musulmin da suka rasu a waɗannan ranaku, ya ba dukkan iyalan da abin ya shafa haƙuri, ya tsare Kwatano da Kano da sauran garuruwanmu daga abin da ke saukowa daga sama da wanda ke fitowa daga ƙasa. Amin.